Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitoci Da Ma'aikatan Jinya: Ku Riƙa Duba Bakin Majinyatanku

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da yi muku sannu da aiki, wannan wasiƙa taku ce, ku da kuke zaune a ɗakunan duba marasa lafiya na yau da kullum: masu duba ciwon sukari da hawan jini, ungozomomi da ma'aikatan jinya da ke awon masu juna biyu, da masu kula da tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu. Da gangan na tsallake likitocin haƙori. Su sun san abin da zan faɗa, sun ma fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Abin da ke damunsu shi ne mutum ba ya zuwa gabansu sai haƙori ya hana shi barci ko ya fara girgiɗa. Ku kuwa kuna ganin wannan mutumin sau huɗu, sau shida a shekara, tun bakinsa na da sauran gyara.

Ni ba likita ba ne. Ɗa ne da ya shekara goma sha ɗaya yana raka mahaifiyarsa asibiti saboda ciwon sukari. Na haddace yadda ake yi. A ɗaura mata abin awon jini a dantse, a tsira mata ɗan yatsa a ɗiga jini, a ce ta cire takalmi a duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu, a taɓa ta da siririn zare a tambaye ta ko ta ji. Sau ɗaya a shekara a ɗiga mata magani a ido a leƙa can ciki, a karɓi fitsari a duba ƙoda. Ina shaida a gaban kowa cewa mutanen nan sun kula da ita, kuma da ba don Allah ya haɗa mu da su ba, da wataƙila yau ba ta da ƙafa ko ido. Amma a cikin shekarun nan goma sha ɗaya, ban taɓa jin wani ya ce, "Mama, ɗan buɗe bakinki in gani" ba. Ko sau ɗaya.

A gida kuma alamun suna nan, mu ne ba mu iya karanta su ba. Idan ta goge baki ta tofar, sai ka ga kumfar ta yi ja-ja. Ta ce buroshin ne ya yi mata tauri, muka sayo mai laushi. Jinin bai tsaya ba, sai ta koma tana kauce wa wuraren da ke zubar da jini, ta goge sauran. Daga baya wari ya soma, irin wanda man goge baki ba ya kashewa, kuma babu ɗan da ke iya duban mahaifiyarsa ya ce bakinta na wari. Ita ma ta sani. Na lura ta fara sa hannu tana kare baki idan dariya ta kama ta, ita da a da dariyarta ke cika ɗaki. Tauna ta koma gefe guda. Wata safiya ta kira ni, ta ɗora kan yatsa a haƙorinta na gaba na ƙasa ta ɗan tura, na ga yana kaɗawa kamar na yaro mai famfara.

Likitan haƙorin da muka je wurinsa ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zane a jikinsa, yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, yana kiran lamba mataimakiyarsa na rubutawa. Biyar. Shida. Bakwai. Takwas. Na tambaye shi mene ne waɗannan lambobi, ya ce zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi ne a ma'aunin milimita, kuma a lafiyayyen baki ba ya wuce ɗaya zuwa uku. Kafin in ce masa komai game da lafiyarta, ya ɗago ya tambaya, "Tana da ciwon sukari ne?" Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta muku. Shi daga baki ya hango sukarin. Masu duba sukarin kuwa shekara goma sha ɗaya ba su waiwayi bakin ba. An cire mata haƙora uku da ƙashin da ke riƙe da su ya riga ya zaizaye. Sauran an ceto su da wanki mai zurfi, wato kankare datti har ƙarƙashin dasashi, a zama huɗu, ana yi mata allurar kashe zafi ɓangare-ɓangare.

Ku kun karanta wannan a makaranta, amma ku ba ni dama in maimaita shi kamar yadda aka bayyana mini, don masu karatun da ba likitoci ba. Bakin ɗan Adam gida ne na ƙwayoyin bakteriya, an gano sama da nau'i 700 da ke iya zama a ciki. 'Yan sa'o'i bayan an goge baki suke fara taruwa a jikin haƙori, su yi wata danƙo mai laushi, musamman a gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi. Tun a 1683 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro wannan danƙo daga haƙoransa ya duba ta a madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu na ta motsi. Matuƙar tana da laushi, buroshi da zaren sakace na iya fitar da ita. Idan aka bar ta kuwa, sinadaran kalsiyam da fosfet da ke cikin yawu sai su shiga jikinta, ta daskare ta zama kamar dutse. Shi ya sa wannan daskararren datti ya fi yawa a bayan haƙoran gaba na ƙasa da kuma gefen turamen sama ta wajen kunci, domin a nan ne bakin hanyoyin yawu yake. Da zarar ya daskare, magana ta ƙare tsakaninsa da buroshi. Ko mutum zai wuni yana gurza, sai dai ya ji wa dasashinsa ciwo. Sai an kankare shi da kayan aiki.

Shi wannan dutsen, illarsa ita ce kaushinsa. Sabuwar danƙo na samun wurin maƙalewa a jikinsa, daidai bakin dasashi, dare da rana. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini da an taɓa shi. A wannan mataki komai na iya komawa daidai. Wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa sun nuna haka a ƙasar Denmak a 1965: sun sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma cikin kamar mako guda ya warke. Amma idan kumburin ya daɗe, a wurin mutanen da jikinsu ke da saurin kamuwa, sai dasashi ya fara rabuwa da haƙori. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta su gangara cikin ramin, inda iska ba ta kaiwa, buroshi ma ba ya kaiwa, dutsen ya ci gaba da ginuwa a jikin saiwar haƙori. Jiki kuma a ƙoƙarinsa na yaƙar su sai ya riƙa narkar da ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da haƙorin. Ƙashin da ya tafi a mafi yawan lokuta ya tafi ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duk wannan ɓarna ba ta da zafi. Mahaifiyata ba ta taɓa kwana tana kukan haƙori ba. Ruɓewar haƙori ita ce mai ihu, ciwon dasashi kuwa shiru yake aikinsa shekara da shekaru, har ranar da haƙori zai kaɗa. To mutumin da ba ya jin zafi, wa zai tura shi wurin likitan haƙori in ba ku ba? Kuma ba tsirarun mutane ake magana ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 na fama da wata cutar baki, kuma kimanin biliyan ɗaya daga ciki ciwon dasashi ne mai tsanani. A cikin mutanen da ke layi a ƙofar ɗakinku kowace safiya, akwai su.

Ku yi tunanin cikin waɗannan ramuka. Fatar da ke ciki a saluɓe take, gyambo ne ɗanye, a kewaye da haƙori ashirin ko fiye, kuma kullum a jiƙe da ƙwayoyin cuta. Da a ƙafar mai ciwon sukari kuka ga gyambo irin wannan, babu ɗayanku da zai bar shi ya tafi gida ba a wanke ba. Don yana bayan leɓe ne kawai ya tsira daga idonku. Duk lokacin da mai irin wannan dasashi ya yi tauna ko ya goge baki, ƙwayoyin cutar na iya ratsawa cikin jini, sinadaran kumburi kuma suna zagayawa jiki.

A nan ne maganar sukari ta shigo, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Mai ciwon sukari, musamman wanda sukarinsa ba ya zama daidai, ya fi waninsa haɗarin kamuwa da ciwon dasashi mai tsanani ninki biyu zuwa uku. Shi dai Harald Löe ɗin nan, a 1993, ya kira ciwon dasashi illa ta shida ta ciwon sukari, ya jera shi tare da illar ido da ƙoda da jijiyoyi da hanyoyin jini da jinkirin warkewar rauni. Kusan duk waɗancan kuna bibiyarsu. Ta shidan ce aka bar wa majinyaci ya gano da kansa. Kuma abin hanya biyu ne: sukari na rura wutar dasashi, kumburin dasashi kuma na sa jiki ya ƙi jin insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jini, yadda ya kamata, sukari ya ƙara hawa. A 2022 cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 35 da aka yi a kan mutum sama da 3,000 masu ciwon sukari da ciwon dasashi. Waɗanda aka yi wa wanki mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, awonsu na HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, ya sauka da kimanin maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4, da kimanin 0.5 bayan shekara guda, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Ku kun fi kowa sanin irin wahalar da ake sha kafin a sauke rabin maki a wannan awo. Na ga an ƙara wa mahaifiyata ƙwaya, an canza mata wata, an yi mata faɗa kan abin da take ci, ita kuma tana rantsuwa tana kiyayewa. Duk tsawon lokacin akwai wuta na ci a bakinta da babu wanda ya lissafa da ita.

Game da zuciya zan taƙaita, don kada in faɗi abin da ya wuce gaskiya. An daɗe da tabbatar da cewa masu ciwon dasashi sun fi yawan samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani gwaji da aka wallafa a 2007 a kan mutum 120 ya nuna cewa wata shida bayan wanki mai zurfi, hanyoyin jininsu sun fi buɗewa da kyau. Sai dai Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa alaƙar na nan amma ba a tabbatar da cewa ciwon dasashi ne ke haddasa ciwon zuciya ba, tunda taba da sukari da tsufa duk suna jawo su biyun. Don haka ba na roƙonku ku ce wa kowa wankin haƙori zai hana shi bugun zuciya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne mai matsalar ƙofofin zuciya, ko wanda aka dasa wa na roba ko na ƙarfe, ƙwayoyin cutar baki na iya sauka a kansu su haddasa mummunan ciwo. Irin wannan majinyaci yana buƙatar baki mai tsabta fiye da kowa, yana kuma buƙatar takarda daga hannunku zuwa ga likitan haƙori, mai bayanin halin zuciyarsa da magungunan tsinka jini irin su warfarin da yake sha, kafin a taɓa shi.

Ku kuma iyayenmu ungozomomi da masu awon ciki, kun fi kowa jin wannan ƙorafi: "Tun da na samu cikin nan dasashina ke jini." Sauyin sinadaran jiki a lokacin goyon ciki na sa dasashi ya fi saurin kumbura a kan dattin da a da yake jurewa. Mata da yawa na tsoron zuwa wurin likitan haƙori da ciki, wasu likitocin haƙorin ma na ɗari-ɗari da su, sai a ce a bari sai an haihu. Bayan haihuwa kuma ga jego, ga raino, wataƙila ga wani cikin, shekara biyar ta wuce ba a je ba. A 2006 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mata 823 masu juna biyu da ciwon dasashi. An yi wa rabinsu wanki mai zurfi kafin ciki ya kai mako 21, rabin kuma sai bayan haihuwa. Wankin bai rage haihuwar bakwaini ba, wannan gaskiya ne kuma ya kamata a faɗa. Amma ya gyara dasashinsu, bai kuma cutar da uwa ko jariri ba. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fito fili a 2013 ta ce duba baki da wankin haƙori ba su da haɗari a lokacin goyon ciki. Kalma ɗaya daga bakin ungozoma, "je ki, babu komai," ta fi duk wata takarda da za a liƙa a bango tasiri a wurin mai ciki.

Akwai kuma abin da ke fitowa daga alƙalaminku kai tsaye. Magungunan hawan jini irin su nifedifin da amlodifin, da fenitoyin na farfaɗiya, da saikulosforin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, duk suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori, kuma abin ya fi muni a bakin da datti ya taru. Magunguna da dama na busar da yawu, shi kuwa yawu shi ne mai wanke baki na asali. Wanda za a fara wa maganin ƙarfafa ƙashi na dangin bisfosfonet, ko za a gasa masa sankara da hasken na'ura a kai ko wuya, idan aka cire masa haƙori daga baya ƙashin muƙamuƙinsa na iya ƙin warkewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fara ne ya kamata a duba bakinsa a wanke, a cire abin da ba zai tsira ba. Likitan haƙori ba shi da hanyar sanin an rubuta wa mutum waɗannan magunguna sai in ku kun turo shi.

Tsofaffi da ke kwance su ma haka. Wanda haɗiya ta fara yi wa wuya, yawunsa na zirarewa cikin huhu yana barci, da duk abin da ke cikinsa. A Japan an bi tsofaffi a gidajen kula da su guda 11 har tsawon shekara biyu. Waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci, ƙwararre kuma na zuwa duk mako yana tsabtace musu, sun fi ƙarancin zazzaɓi da ciwon huhu da mutuwa ta dalilinsa. Ga mai jinya da ke juya tsoho don kada bayansa ya yi gyambo, goge masa baki na cikin wannan aikin.

Sannan kujerar wankin haƙori ita ce kusan wuri ɗaya tilo da wani ke haska fitila ya dubi harshe, sama da ƙasa da gefe, ya dubi ganɗa da cikin kunci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana samun sababbin masu sankarar baki kimanin 380,000 a kowace shekara. Farkonta sau da yawa ɗan tabo ne fari ko ja a fatar baki, ko miki marar zafi da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba. Mai shan taba ya fi kowa haɗari, kuma shi ne dasashinsa ke yaudara, domin taba na tsuke ƙananan hanyoyin jini, sai ciwon ya yi nisa ba tare da jinin da zai tona shi ba.

Idan kun tura mutane, za ku ji abin da na ji daga bakin mahaifiyata da ƙawayenta: wai wankin haƙori na sa haƙora su yi sako-sako, yana buɗe giɓi tsakaninsu, yana kankare farin haƙori. Kada ku yi musu dariya, domin abin da suka gani da idonsu suke faɗa, fassarar ce kawai ta karkace. Mutumin da ya shekara ashirin ba a wanke masa ba, dutsen ya cike tsakanin haƙoransa ya haɗe su wuri guda kamar an yi musu siminti, kumburarren dasashi kuma ya rufe ɓarnar da ke ƙasa. Ranar da aka kankare dutsen, kumburi ya saɓe, sai ramukan da ciwo ya riga ya haƙa su bayyana, haƙorin da ƙashinsa ya zaizaye ya nuna kaɗawarsa. Ciwon ne ya yi ɓarnar, wanki tona ta kawai ya yi. Na'urar da ake amfani da ita karkarwa take yi da sauri tana fesa ruwa, ta farfasa dutsen ya zube, kuma a hannun wanda ya iya ba ta cin farin haƙori. Tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki ne, yakan wuce. Ga wanda ke ganin dabara ce ta zamani don a karɓi kuɗinsa, ku tuna masa cewa shekara dubu da suka wuce babban likitan tiyata na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya yi bayanin kankare wannan datti daga haƙora, har ya zana kayan aikin iri-iri.

Ni kaina sai bayan abin da ya sami mahaifiyata na hau kujerar nan. Ina goge baki safe da dare tun ina yaro, na tabbata ba za a sami komai ba. Minti arba'in aka yi. Da aka gama aka nuna mini ɓarɓashin da ya fito, wasu rawaya, wasu baƙi-baƙi kamar tsakuwa, waɗanda suka fito daga ƙarƙashin dasashi. Na kai harshe bayan haƙorana na ƙasa, na ji kowane haƙori da iyakarsa, abin da na manta haka baki yake. Jinin da nake gani jefi-jefi, wanda na ɗauka kowa ma haka yake, cikin mako biyu ya ɗauke. Ruwa ba ya tsami banza. Likitan ya kuma nuna mini a madubi wurare biyu da buroshina bai taɓa kaiwa ba, ya koya mini yadda zan karkata shi zuwa bakin dasashi da yadda ake sakace da zare. A ganina wannan koyarwar ta kai wankin kansa amfani, domin wanki na rana ɗaya ne, sauran kwanakin shekara a hannun mai baki suke.

Ba ina cewa kowane mutum sai ya je duk wata shida ba. Wannan ƙa'ida ta wata shida al'adar aiki ce da aka gada, kuma bincike ya tace ta. Wani nazari na Cochrane a 2018 ya gano cewa manya masu lafiyayyen dasashi da ke zuwa duba haƙori a kai a kai, wanki duk wata shida ko duk shekara ya rage musu daskararren datti amma bai kawo wani babban bambanci ga lafiyar dasashinsu ba cikin shekara biyu zuwa uku. A Birtaniya tun 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta ce tazarar zuwa duba haƙori ga manya ta kama daga wata 3 zuwa wata 24, gwargwadon haɗarin da mutum ke ciki. Wannan ma shi ne ya sa wasiƙar ta zama taku. Masu haɗarin su ne majinyatanku: mai sukari, mai shan taba, mai ciki, mai shan magungunan da na ambata, tsoho, da wanda aka taɓa yi wa maganin ciwon dasashi. Saurayi mai ƙoshin lafiya na iya jira. Mahaifiyata ba ta cikin masu iya jira, kuma babu wanda ya gaya mata.

Na san yawan mutanen da ke jiranku a waje, na san mintuna nawa kuke da su a kan kowane mutum. Na zauna a bencin nan na ga yadda ake kiran suna bayan suna har la'asar. Na kuma san tun daga makaranta aka raba ku da likitocin haƙori, ginin daban, fayil daban, kamar baki ba a jikin mutum yake ba. Ƙasashen duniya sun amince a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 cewa a shigar da lafiyar baki cikin kulawar lafiya ta matakin farko da kuma yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka, amma kafin takardar taro ta iso ɗakin da kuke zaune, haƙora da yawa za su zube. Abin da nake roƙo bai kai minti ɗaya ba. Ku tambayi majinyaci ko yana ganin jini idan ya goge baki, ku tambaye shi yaushe rabon da likitan haƙori ya duba shi. Ku haska 'yar fitilar da ke aljihunku, ku ɗaga leɓensa na ƙasa. Idan kun ga dasashi ja a kumbure, ko dutse a gindin haƙora, ko mugunya, ko kun ji wari, ku rubuta masa takardar zuwa wankin haƙori kamar yadda kuke rubuta ta zuwa awon ido. Ku sa a fayil, in ya dawo ku tambaye shi ko ya je. Mutane na jin maganarku. Mahaifiyata ba ta taɓa tsallake abin da likitanta ya ce ta yi ba, da ya ce ta je, da washegari mun je.

Yanzu duk wata uku ake wanke mata. Lambobin da ake kira sun koma uku da huɗu, warin ya tafi, ta daina kare baki da hannu duk da giɓin da ke gaba. Katin asibitin haƙori da na asibitin sukari a jaka ɗaya take ajiye su, ni ne nake ɗaukar labarin wannan ɗaki in kai wancan. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu dawo awon sukari. Zan zauna a kujerar gefe kamar yadda na saba, a duba ƙafarta, a auna jininta, ina sauraron ko wani zai ce, "Mama, ɗan buɗe bakinki in gani."

Allah ya ƙara muku lafiya da juriya, ya saka muku da alheri.

Naku,
Ɗan wata majinyaciyarku